Suwaibatu Mai Baƙin Allo

A Nguru, in ka ce kana neman Suwaibatu, sai a tambaye ka wacce, don suna da yawa. In ka ce mai baƙin allo, ko mai sayar da rake zai nuna maka benen. Yana kan hanyar tashar jirgi, ƙasa shagon taki, sama ɗaki biyu na wani ƙaramin kamfanin intanet mai ma'aikata shida. A ɗakin ciki take zama, ta ba taga baya, ta fuskanci kwamfutar da ba hoto ba kala, sai baƙin allo da fararen haruffa. Mutanen da suka saba ganin kwamfuta da furanni da hotunan jikoki, in sun leƙo sai su ce, "Ayya, lalacewa ta yi?" Ita kuwa ta gaji da bayani, sai ta ce musu hutawa take yi.

'Yar Malam Lawal mai kifi ce. Kakanta ya zo daga Haɗeja zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa da fatu, ya ga garin ya yi masa, ya zauna. Mahaifinta dillalin banda ne, kuma tun tana ƙarama take ganin abin da har yau ba ta daina mamakinsa ba: a kawo kwalin kifi a ɗaure, ya ɗaga shi, ya ɗan girgiza kusa da kunne, ya ce na ƙasan ƙwaro ya fara shiga. A kwance kuma a tarar haka ne. Da ta tafi kwalejin fasaha, su uku ne mata a aji na mutum sittin. Sauran ɗalibai kowa na rububin koyon zane da gyaran hoto, ita sai ta liƙe wa darasin da kowa ke gudu, na magana da rauta.

Rauta dai akwati ne, wata ba ta fi faranti girma ba, kuma aikinta irin na ɗan kamasho ne a tasha: kowane saƙo ya iso, ta duba inda za shi, ta nuna masa hanya. Ba ta da fuska, ba ta da maɓallan latsawa. Magana da ita sai ta rubutu, layi ɗaya umarni ɗaya, kuma ba ta san wasa ba. In ka yi kuskuren harafi guda, ko ta ce ba ta gane ba, ko kuma, wanda ya fi muni, ta gane wani abu dabam ta aikata shi nan take. Kamfanin su Suwaibatu yana da irinsu goma sha huɗu, a gindin dogayen ƙarafa daga Nguru zuwa Karasuwa zuwa Gashuwa, kuma duk daga kujerar nan take shiga cikinsu. Ta san halin kowacce. Ta san wadda zafin rana ke sa ta nawa, ta san wadda ke firgita in hadari ya haɗu a gabas.

Ba a haife ta da iyawa ba, kuma ita da kanta take ba da labarin. A shekararta ta farko, tana zaune a Nguru ta canza wa rautar Karasuwa adireshi, ta latsa, allo ya yi shiru. Tamkar ta rufe wa kanta ƙofa ne, makullin na ciki. Da damina ce, sai da ta hau acaɓa cikin taɓo da kwamfuta a goye, ta je ta jona waya a jikin akwatin ta gyara abin da ta ɓata cikin daƙiƙa ɗaya. Tun daga ranar, ba ta taɓa rauta ta nesa sai ta fara rubuta mata reload in 10, wato in minti goma ya cika ba ta soke ba, rautar ta kashe kanta ta tashi a kan tsohon tsarinta. Sai ta ga sabon gyaran ya zauna, sannan ta soke umarnin, ta adana. Mijinta Abdulrauf, malamin firamare ne, yakan ce ko miya za ta canza sai ta ajiye ta jiya a gefe.

Shekara bakwai tana wannan aiki ba a ji kanta ba, sai a wata bazara layin Gashuwa ya fara yankewa.

Babban mai hulɗa da kamfanin a can shi ne Alhaji Abdulganiyu, ɗan kasuwar da iyayensa suka zo daga Kano, mai shagunan yadi da kuma cibiyar rubuta jarrabawa ta kwamfuta mai kujeru ɗari da ashirin. Wata ɗaya da rabi ke nan ɗalibai na cikin gwaji sai intanet ta ɗauke, ta yi minti shida ko bakwai, ta dawo da kanta. Kafin a kira waya a yi ƙorafi, ta dawo. Suwaibatu ta je sau biyu. Ta hau ƙarfe ta duba farantin da ke kama intanet, ta canza waya, ta shiga ɗakin batir da ke bakin ƙofa ta tarar da rauta tana ƙyafta fitilunta lafiya lau. Ta dawo Nguru, washegari abin ya sake.

Ran Litinin Alhaji ya kira Alamin, mai kamfanin, ya kuma ce a sa wayar a fili kowa ya ji. Ranar Asabar za a yi jarrabawa ta gaske, da masu sa ido daga sama. In layin ya yanke ana tsakiyar rubutu, an rufe masa cibiya ke nan.

"Na ba ku zuwa Alhamis," in ji shi. "Ko a nuna mini mai laifi in sallame shi, ko ku sallami wadda kuka ɗora a kan aikin. Tun farko na ce a kawo mini injiniya daga Kano, aka ce ga wata yarinya."

Yarinyar tana da 'ya'ya uku. Alamin ya ajiye waya, ya kasa kallon ta. Mutumin kirki ne, amma rabin abin da ke riƙe da kamfanin daga Gashuwa yake zuwa, kuma ita ma ta san haka. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ba rasa albashin kaɗai ba, har da sanin cewa in ta tafi a haka, duk macen da ta zo neman irin wannan aiki a garuruwan nan za a tuna mata da Suwaibatu.

Ta koma ɗakinta ta ja kujera. Rautar Gashuwa ba ta da amfani wajen ba da shaida, don duk lokacin da ta mutu sai ta manta abin da ya gabata. Abu ɗaya ta iya faɗa: da Suwaibatu ta tambaye ta tun yaushe take kunne, ta ce awa biyu da 'yan mintuna, kuma dalilin tashinta na ƙarshe shi ne an ba ta wuta. To, ba iska ba ce, ba faranti ba ne. Wuta ce ke ɗaukewa, a ɗakin da batiran hasken rana ke ba wa wuta dare da rana.

Sai ta juya ga rautar Nguru, wadda ke kallon 'yar'uwarta daga nesa tana rubuta duk abin da ta gani. Ta buga show log. Layuka suka zubo: layin Gashuwa ya faɗi, layin Gashuwa ya tashi, ya faɗi, ya tashi, ɗaruruwa. Ta sha karanta su a makonnin nan, lokutan ba su taɓa ce mata komai ba. Wannan karon idonta ya sauka a kan layin ƙarshe, sannan a kan agogon bango. Rauta na cewa tara da minti goma na dare, bango na cewa huɗu saura minti goma na yamma. Wanda ya kafa akwatin shekarun baya bai taɓa saita masa agogo ba, ita ma da ke tutiyar sanin halin kowacce ba ta taɓa dubawa ba. Kunya ta kama ta ita kaɗai a ɗaki.

Ta saita agogon, ta ɗauko takarda da biro, ta fara cire awa biyar da minti ashirin daga kowane layi. Ɗaya da rabi na rana. Huɗu daidai. Shida da ashirin da tara. Takwas saura kwata. Biyar saura 'yan mintuna na safe. Ta koma kwana goma baya, ta tarar uku daga ciki ba sa motsi, na yamma yana ja gaba a hankali, na safe kuma yana ja baya, minti ɗaya yau, minti ɗaya jibi. Tana kan haka layin ya faɗi a gabanta, ta ɗaga kai, ƙarfe huɗu. Ta nemi ranakun Juma'a. Juma'a shida, ko ɗaya babu faɗuwar ɗaya da rabi.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ran Talata da yamma ta ce wa Abdulrauf ya ɗauko yara daga islamiyya, ita za ta ɗan jima. Ta buɗe taga, abin da ba ta cika yi ba, ta sa kwamfuta tana ƙwanƙwasa wa rautar Gashuwa kowace daƙiƙa, ita kuma tana amsawa, layi bayan layi. Rana ta yi ja a kan rufin kwanon tasha. Shida da minti talatin da ɗaya, amsa ta tsaya. Garin Nguru shiru, sai ƙarar babura. Ta zauna tana kallon agogo. Minti ɗaya, minti biyu. A cikin na uku, ladanin masallacin bakin kasuwa ya ɗaga murya.

Gashuwa na gabas da su, rana ta riga faɗuwa a can. Tana zaune a kan kujerar roba a saman shagon taki, ta ga magariba ta shiga wani gari kafin ta iso nata, kuma baƙin allo ne ya gaya mata. Ta daɗe da sanin wannan a littafi, amma ba ta taɓa jin girman abin a ƙirjinta ba sai ranar. Ta ce subhanallahi a hankali, ta tashi ta yi alwala.

Ran Laraba ta buga layukan a takarda, shafi tara, ta hau motar Gashuwa. Hanya ta yi zafi, mota cike da buhunan tattasai da mata biyu 'yan Katuzu suna gardamar farashin shinkafa da Badanci. Duk tsawon tafiyar abu ɗaya take juyawa. Ta san mai gadin cibiyar, Malam Babayo, dattijo siriri mai farin gemu. Da makiyayi ne, shanu suka ƙare masa a hannu shekara bayan shekara, ya shigo gari da iyalinsa ya kama gadi. Duk zuwan da ta yi shi ke kawo mata ruwan randa, ya riƙe mata tsani. Takardar da ke jakarta za ta wanke ta, kuma ita ce za ta raba tsohon nan da abincinsa.

Ta isa ɗaya da kwata, ta ce masa za ta ɗan zauna a ɗakin batir. Sai a lokacin ta gane yadda aka yi abin ya kuɓuce mata. Zuwanta na farko ta iso bayan azahar ta tafi kafin la'asar. A na biyu, da lokaci ya yi, ita ma tana bayan gini da buta a hannu, kamar kowa. Duk wanda zai iya kama abin, a daidai mintunan nan yana wanke ƙafa.

Ɗaya da rabi saura minti ɗaya, Malam Babayo ya shigo da sallama, gemu na ɗigar ruwa. Ya sa hannu bayan ƙofa ya sauko da wata waya da aka naɗe tsaf aka rataye a ƙusa. Ya durƙusa gaban soket mai baki biyu, ya ce bismillah, ya zare filogin rauta, ya sa nasa. Fitilun akwatin suka mutu. Ya fita zuwa ƙaramin masallacin da ke jikin katanga, sai ga muryarsa ta lasifika, siririya mai daɗi, ta cika unguwar. Da ya gama ya dawo, ya zare nasa, ya mayar da na rauta, ya danna shi da babban yatsa don ya zauna sosai, ya naɗe wayarsa.

"Baffa," in ji ta, "me ya sa wannan kake cirewa, ba ɗayan ba?"

"Ai ɗayan na fanka ne, 'yata. An ce batiran nan ba sa son zafi. Wannan kuwa na lura da shi kwana da kwanaki, ba ya ba da iska, ba ya ba da haske, ba ya ƙara. 'Yan fitilu ne kawai. Kuma ba na barin sa, ina gamawa nake mayarwa."

Ta ce ya je ya yi salla, za su yi magana. Bayan an idar ta zaunar da shi ta yi masa bayani a hankali, cewa duk kwamfutocin da ke cikin zauren can ta cikin akwatin nan suke shaƙar numfashi. Ta ga lokacin da maganar ta shige shi. Ya cire hula, ya riƙe ta a hannu biyu.

"To ashe ni ne. Kuma na ji an ce ke za a kora."

"Baffa, bari in sa a ƙaro soket, in ce wa Alhaji wayar wuta ce ta yi sako-sako. Ba sai sunanka ya fito ba."

Ta faɗa ne da zuciya ɗaya, ko da yake ta san Alhaji zai ce sau biyu ta zo ba ta ga sako-sakon ba. Tsohon ya dube ta kamar ta zage shi.

"In kira mutane salla da bakin nan, in bar ki ki yi ƙarya saboda ni? Tashi mu je."

Alhaji Abdulganiyu na ofis, fanka biyu a kansa. Malam Babayo bai jira an ba shi wurin zama ba, ya tsuguna ya faɗi abin da yake yi, bai rage ba bai ƙara ba. Fuskar Alhaji ta canza. Ya fara faɗa, ya ambaci masu sa ido, ya ambaci shekarun da ya yi yana gina wurin, ya ce a kawo makullan ƙofa yanzun nan. Tsohon ya sa hannu a aljihu.

"Ranka ya daɗe," in ji Suwaibatu, "kafin ya ba ka, yaushe aka kawo lasifikar masallacin?"

Alhaji ya dakata da faɗan. Shi ya saye ta, sadaka ga mahaifiyarsa mai rasuwa. Shi ya miƙa ta bayan wata sallar Juma'a, kuma da aka ce masallacin ba wuta, shi ya ce a nemi inda wuta take a jona. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, sai dai ba wanda ya isa ya faɗa masa haka a ofishinsa, kuma ba a buƙaci faɗa ba.

Ta shimfiɗa takardun a kan tebur. Ta nuna masa layin farko, asubahin Asabar, washegarin kyautar. Ta bi da yatsa tana fassara masa, wannan faɗuwa ce, wannan tashi ne, tsakaninsu minti huɗu na kira da uku na farfaɗowar akwati. Ta nuna masa yadda asuba ke ja baya tare da alfijir. Alhaji ya ɗauko tabarau. Ɗan kasuwa ne, ya san darajar rubutu mai kwanan wata, sai ya ja shafukan gabansa ya fara bi da kansa.

"Wato daga Nguru kika ga duk wannan? Ba wanda ya tsegunta miki?"

"Akwatin ne ya rubuta, ranka ya daɗe. Ni karantawa na yi, kuma na makara wajen karantawar."

Ya ci gaba da juya shafi. Ya yi masu gadi huɗu kafin wannan, kowanne an ce masa yana sulalewa gida ya dawo da hantsi, kuma bai taɓa samun hanyar tabbatarwa ba. Yanzu ga asuba arba'in da bakwai a jere a gabansa, ba gurbi ko ɗaya.

"Ba ka taɓa fashi ba, Malam Babayo."

"Akwai ranar da na makara, Alhaji. 'Yata, duba, wata Talata ce. Ki faɗa masa."

Ta duba. Tana nan, a shafi na biyar, minti goma sha ɗaya bayan lokacin jiya da na gobe. Ta karanta da murya a fili.

"Ita ce," in ji tsohon. "Jikata ce ba lafiya, barci ya sace ni a zaune."

Alhaji ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Sannan ya ce a mayar da makullan aljihu. Ya ce yau ɗin nan a ja wa masallaci wayarsa dabam, a sa wa ɗakin batir akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Ya ɗauki waya ya kira Alamin a gabansu, ya ce injiniyarsu ta gano abin, kuma daga yau duk wani aiki na cibiyar ita yake so ta riƙa zuwa. Bai ba ta haƙuri ba, irinsu ba su iya ba. Amma injiniya ya ce, kuma ta ji.

A bakin ƙofa, tana jiran mai lantarki, Malam Babayo ya ce ko za ta ba shi takardun ya gani. Bai iya boko ba. Ya riƙe su da hannu biyu yana kallon layukan da ke jere baƙi-baƙi, shafi bayan shafi, har ya iso na biyar, inda ta yi alama da biro.

"Ni kaɗai ne a wurin nan ran nan," in ji shi. "Ko matata ban gaya wa ba." Ya ɗaga kai ya dubi dogon ƙarfen, ya sake duban takardar, idonsa ya ciko. "Wannan fa ɗan Adam ne ya ƙera shi, 'yata, kuma bai bar minti ɗaya ba. To ina ga waɗanda ke kafaɗunmu?"

Suwaibatu ta zauna a gefen tabarmarsa, har mai lantarki ya iso da naɗin waya a bayan babur.